Ƙishirwa a Ƙasar Sanyi: Ruwa da Guzurin Mai Hawan Duwatsun Jos

Duk wanda ya taso a Kano ko Sakkwato fuska ɗaya ya san ƙishirwa da ita: rana ta take, riga ta jiƙe sharkaf, maƙogwaro ya bushe, mutum ya nufi randa. Shi ya sa in ya zo Jos aka ce masa gobe Asabar za a hau duwatsun Shere, abin da zai tanada rigar sanyi ce da hula da wayar ɗaukar hoto. Ruwa kuwa leda ɗaya ko biyu, in ma ya tuna. Garin yana zaune ne a kan tsayin kusan mita 1,200 daga doron teku, ƙololuwar Shere kuma, wadda ke gabas da gari da tazarar kusan kilomita 10, ta kai mita 1,829. Iska na kaɗawa, jiki na jin daɗi. Wa zai kawo zancen ƙishirwa?

Hawan dutse ba baƙon abu ba ne a nan. Makarantar horar da 'yan ƙasa da shugabanci, wadda kowa ya fi sani da Man O' War, tana da sansaninta a gindin Shere, kuma ɗalibai da ma'aikata da masu kayan sarki sun daɗe suna shan horo a kan waɗannan duwatsu. Yanzu ga ƙungiyoyin matasa da ke fita tattaki ranakun hutu, wasu Shere, wasu dutsen Riyom, wasu magangarar ruwan Assop da ke kan hanyar Hawan Kibo. A kusan kowace irin wannan fita, da zarar hantsi ya ɗaga za ka ga wani ya nemi dutse ya zauna, kai na sara, ƙafa ta yi nauyi, ido na ganin duhu-duhu. Nan take abokan tafiya su zama likitoci. Wannan ya ce a ɗura masa ruwa, wancan ya zaro gwangwanin lemon ƙara kuzari, wani ya miƙo ƙwayar maganin ciwon jiki.

Matsalar ita ce, abin da ke zaunar da mai hawan dutse iri uku ne, alamunsu kuma suna kama da juna. Ko ruwa ne ya ragu a jikinsa, ko gishiri, ko kuma abincin da tsoka ke ƙonawa. Maganin ɗaya ba ya warkar da ɗayan, wani lokaci ma ƙara shi yake yi.

A fara da ruwa, tunda a nan ne sanyin Jos ke yaudara. Tsokar ɗan Adam ba ta iya tattali ba: a cikin ƙarfin da take samu daga abinci, kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar ne ke tafiya a aiki, sauran duk zafi yake zama. A ɗauka mutum mai nauyin kilo 70 ya hau tsayin mita 500. Aikin ɗaga jikinsa kaɗai bai wuce kalori 80 da 'yan kai ba, amma sai jiki ya ƙona wajen 400 kafin ya yi shi, ke nan kalori 300 da wani abu sun zama zafin da dole a fitar. Babbar ƙofar fitar da shi gumi ne, kuma kowace lita ta gumi in ta bushe a kan fata tana tafiya da kalori kusan 580. Iska mai sanyi tana ɗauke wani kaso na zafin, ba a musu, amma lissafin ya nuna hawan kaɗai na iya cin abin da ya kusa rabin lita, ba a sa tafiyar kilomitocin da ke tsakani ba, ba a sa jakar da ke goye a baya ba, ba a sa rana ba. Mai aikin ƙarfi yakan yi gumin rabin lita zuwa lita biyu a awa ɗaya, gwargwadon jikinsa da yanayin wurin.

A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, wannan gumi ba a ganinsa. Iskar ta bushe ƙayau, tana lashe shi tun kafin ya jiƙa riga, sai mutum ya ɗauka bai yi zufa ba. Shaidar kawai ita ce farin gishirin da zai gani a wuyan riga ko a gefen hula in ya dawo gida. Ga kuma numfashi. Duk iskar da ta shiga huhu sai an jiƙa ta kafin ta fito, wannan hayaƙin da ke fita daga baki da asubar Jos ruwan jiki ne ke tafiya. A ƙololuwar Shere nauyin iska bai wuce kashi 80 da ɗoriya cikin 100 na wanda ke bakin teku ba, don haka ana ƙara yawan numfashi, musamman baƙon da ya taho daga Legas ko Lakwaja jiya-jiya. Sannan sanyi yana matse jijiyoyin jinin da ke kusa da fata, jini ya taru a tsakiyar jiki, ƙoda ta ɗauka ruwa ya yi yawa ta shiga zubarwa. Abin da ke sa mutum yawan zagayawa da sanyin safiya ke nan.

Wannan taruwar jini a tsakiya ita ce kuma ke rufe bakin ƙishirwa. Wani bincike da Robert Kenefick da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 2004 ya gano cewa a cikin sanyi jin ƙishirwa na iya raguwa da kusan kashi 40 cikin 100. Sai dai a sanyin digiri 4 aka yi gwajin, Jos kuwa ba ta cika kaiwa nan ba ko da tsakar dare, don haka bai kamata a ɗauko adadin a ɗora wa Filato kai tsaye ba. Abin ɗauka shi ne alkiblar: gwargwadon sanyi, gwargwadon jinkirin ƙishirwa. Wanda ya ce "ai ban ji ƙishi ba" da ƙarfe tara na safe a watan Janairu gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar ba ta nuna abin da ya rage a jikinsa.

Nawa ne ya yi yawa? Masana motsa jiki sun fi tsayawa a kan kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki. Ga mai kilo 70, kilo 1.4 ke nan, wato kusan ruwan leda uku, tunda kowace leda rabin lita ce kuma lita ɗaya kilo ɗaya ce. Daga nan jini ya fara kauri, zuciya ta ƙara bugu don ta biya buƙata, hankali ya fara rarrabuwa. A filin ƙwallo wannan raguwar kuzari ce kawai. A kan falalen dutse mai santsi, inda taku ɗaya ke raba mutum da karaya, raguwar natsuwa ita ce haɗarin.

To sai a yi ta sha ke nan? A'a, kuma a nan ne nake ganin masu wa'azin shan ruwa sun wuce gona da iri. Maganar nan ta kofi takwas a rana, wani likitan ƙoda mai suna Heinz Valtin ya bi diddiginta a 2002 bai sami hujjar kimiyya da ta tsaya a kai ba. Jiki kuma ba rijiya ba ne. Ƙoda mai lafiya ba ta iya fitar da abin da ya wuce kusan lita ɗaya a awa, a lokacin aikin wahala ma ƙasa da haka, domin jiki kan saki sinadarin da ke riƙe fitsari. Idan mutum ya yi ta ɗura tsurar ruwa fiye da abin da yake zubarwa, gishirin jininsa sai ya tsinke. Da ma'aunin sodiyam ya faɗi ƙasa da 135, ruwa ya fara kutsawa cikin ƙwayoyin jiki, har da na ƙwaƙwalwa, wadda ba ta da wurin kumbura a cikin ƙoƙon kai. Tim Noakes na Afirka ta Kudu ya bayyana wannan ciwo a jikin masu tseren dogon zango tun 1985. A gudun yada-ƙanin-wani na birnin Boston na 2002 an auna jinin mutum 488 da suka kammala, aka tarar 13 cikin kowane 100 gishirinsu ya yi ƙasa, kuma babbar alamar da ta haɗa su ita ce nauyinsu ƙaruwa ya yi a kan hanya maimakon ya ragu. Ba zakarun gaba abin ya fi kamawa ba, masu tafiya a hankali ne, waɗanda suka daɗe a hanya suna tsayawa sha a kowace tasha. Siffar mai hawan dutse ke nan sak.

Abin tsoron shi ne alamun farko, ciwon kai da tashin zuciya da kasala, su ne dai alamun ƙarancin ruwa. Sai abokai, da kyakkyawar niyya, su ƙara masa leda biyu.

Tsakanin waɗannan ramuka biyu hanyar ba ta da ƙunci kamar yadda ake zato. Ga tafiyar awa huɗu zuwa biyar a Shere, baligi mai lafiya ya ɗauki lita biyu, a bazara kuwa, watannin Maris da Afrilu da Jos kanta ke ɗumi, ya kai uku. Ba lallai ya shanye ba, ragowar ta ɓacin rana ce, ko ɓatan hanya, ko abokin da ya zo hannu rabbana. Ya sha kamar rabin lita awa biyu kafin a tashi, ba a gindin dutse ba. A kan hanya kurɓi-kurɓi, da numfashi a tsakani kamar yadda aka koya mana tun muna yara, duk sa'ad da ƙishi ya motsa, da kuma duk inda aka tsaya hutu in sanyi ya hana shi motsawa. Fitsari ma'auni ne da ba a saye: in ya yi kaɗan, ya yi ja kamar shayi, ana bin jiki bashi; in fari ne tas kuma yana zuwa a kai a kai, an wuce, a dakata. Wanda yake son sanin nasa adadin ya hau sikeli kafin fita da bayan dawowa. Kowane kilo da ya ɓace lita ɗaya ce. In ya ga ƙari, ya sha fiye da kima.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. Mata da yawa da gangan suke ƙin sha tun daga gida, don gudun neman wurin zagayawa a fili cikin ayarin maza. Duk shugaban tafiyar da bai tsara hutun da mata za su keɓe su kaɗai ba, shi ya jawo ciwon kan da za a yi fama da shi da azahar.

Gishiri kuwa, kowace lita ta gumi tana fita da wajen giram ɗaya na sodiyam, wani rabin haka, wani ninki biyu. A gajeriyar tafiya abincin safe ya wadatar. In an haura awa uku ana zufa, a ci wani abu mai gishiri: soyayyar gyaɗa, ƙuli-ƙuli, ɗan kilishi. Ba sai an nemo garin 'yan wasa mai tsada daga kanti ba. Ruwan gishiri da sukarin da iyaye mata ke haɗa wa yaro mai gudawa, lita ɗaya ta ruwa mai tsafta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, yana aiki ne da wata hikima ta hanji da Robert Crane ya bayyana a 1960: sukari da sodiyam ƙofa ɗaya suke bi su shiga jini, ruwa kuma ya bi bayansu. Da irin wannan haɗi Dilip Mahalanabis ya ceci ɗimbin masu kwalara a sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangaladash a 1971. Ƙullin irin wannan haɗi na kemis, wato ORS, guda biyu a aljihun jaka ba su da nauyi. Mai hawan jini dai, da mai ciwon ƙoda, da mai shan ƙwayar da ke sa fitsari, su tambayi likitansu tukuna.

Na ukun, wato abinci, shi ne wanda aka fi jahilta. Jiki yana ajiye sukari a hanta, kimanin giram 100, da cikin tsoka, kimanin giram 400. Hanta ita ke ciyar da ƙwaƙwalwa cikin dare, don haka da asuba rumbunta ya yi ƙasa. Mai hawan dutse da kaya a baya yana ƙona kalori 400 zuwa 600 a awa. Wanda ya fito da shayi kofi ɗaya a ciki don kada abinci ya yi masa nauyi, bayan awa biyu ko uku zai ji hannu na rawa, gumi mai sanyi, zuciya na saurin ɓaci, ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Ko tulu ya shanye ba zai tashi ba, domin ruwa ba shi da kalori ko ɗaya. Dabino uku ko ayaba ɗaya za su tashe shi cikin kwata na awa.

A wannan gaɓa lemon ƙara kuzari ke shigowa, kuma ya kamata a yi masa adalci. Gwangwani mai mililita 250 yakan ƙunshi sukari kusan giram 27 da kafeyin miligiram 80, kwatankwacin kofi ɗaya na gahawa. Sukarin kuzari ne na gaske. Kafeyin kuwa ba ya ƙara wa tsoka komai na abinci, gajiyar yake ɓoyewa, aikin da goro ke yi wa direbobi da masu gadi tun kaka da kakanni. Zargin da ake masa na tsotse ruwan jiki an zuzuta shi, ga wanda ya saba kofi ɗaya ko biyu ba sa yin wannan illa. Aibinsa a dutse daban ne. Zaƙinsa ya haura kashi 10 cikin 100, alhali abin da ciki ke saurin wucewa da shi a lokacin aiki kashi 6 zuwa 8 ne, don haka yakan zauna a ciki ya kawo ƙwarnafi. Gishirinsa kaɗan ne. Ga shi yana ƙara wa zuciya bugu a daidai lokacin da hawa da tsayi suka riga suka ƙara mata. Robar da ake sayarwa a bakin titi kuma ta fi gwangwanin girma, samari na shan biyu ko uku a jere ba tare da loma ɗaya ba. Masu haɗawa da taramol ba kuzari suke nema ba, ajali suke tsokana. Hatta ƙwayoyin ciwon jiki irin ibuprofen da diclofenac, da wasu ke haɗiya tun kafin a tashi wai don rigakafi, suna rage jinin da ke isa ƙoda, ƙodar da ƙarancin ruwa ya riga ya takura.

Abin mamaki, guzurin da ya fi dacewa yana nan a kasuwar Faringada da bakin kowace tasha. Karin kumallo na kunu da ƙosai, ko dankalin Bokkos da ƙwai, ko gwaten acca, awa biyu kafin tafiya. A jaka dabino da aya da gyaɗa da lemon zaƙi da kokwamba. Fura da nono ta haɗa ruwa da hatsi da maiƙo wuri ɗaya, illarta kawai ba ta jure zaman jaka a rana, kuma ruwan da aka dama ta da shi abin tambaya ne. Fatake da 'yan alaro sun san wannan tsari tun kafin a ƙirƙiro kalori. Kafin jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, a ka ake ɗaukar kuzar Naraguta har Loko a bakin Binuwai, tafiyar kwanaki. Sammako ake yi, a huta in rana ta take, a yada zango inda ruwa yake. Ba don daɗi suka yi ba, wahalarsu kuma ba abar sha'awa ba ce, amma tsarin tafiyarsu ya fi na wanda zai fara hawa da ƙarfe goma sha ɗaya don ya tsaya jiran abokai.

Kuzar nan ita ta bar wa Filato wata matsala da mai tattaki zai ci karo da ita ido da ido. Ƙasar tudu ce mai ruwa, tana samun kusan milimita 1,400 a shekara, daga cikinta kogin Kaduna da Gongola suka ɓuɓɓugo, Dilimi kuma ya ratsa tsakiyar Jos ya nufi ƙasar Bauchi. A Kerang ta ƙaramar hukumar Mangu akwai marmaron da ake ɗurawa a roba da sunan SWAN. Sai mutum ya ɗauka duk ruwan da ya gani a nan na sha ne. Amma ɗaruruwan tafkunan da ke warwatse daga Rayfield zuwa Bukuru zuwa Barikin Ladi ba halittar Allah ba ne, ramukan haƙar kuza ne da ruwa ya cika. Binciken da aka yi a kan wasunsu ya nuna dalma da wasu ƙarafa fiye da kima, turɓayar da aka tace kuza aka zubar kuma tana ɗauke da ma'adinai masu fitar da tururin nukiliya. Manoman rani na jan ruwan da inji, takin zamani da maganin feshi na komawa ciki. Tafasawa tana kashe ƙwayar cuta, ba ta taɓa ƙarfe, sai ma ta ƙara masa kauri. Gaɓarsu kuma a tsaye take, zurfin na farawa daga taku na farko, sun ci masu wanka ba adadi.

Ƙoramar da ke gangarowa daga dutse ta fi su, amma haskenta ba shaida ba ne. Shanu na kiwo a sama, akwai gonaki da gidaje inda ba a hangowa daga ƙasa. In dole ta kama, a tace da tsumma mai tsafta a tafasa, minti ɗaya yana ɓararraka ya isa. A tsayin Shere ruwa na tafasa a wajen digiri 94 maimakon 100, amma hakan ya wadatar, sai an haura mita 2,000 ake cewa a kai minti uku. Ƙwayar kulorin ma tana aiki in an ba ta rabin awa kuma ruwan ba gurɓatacce ba ne. Ruwan da ke kwance kuwa ko shiga kada a yi, tsargiya ta fata take shiga, ba sai an sha ba. Mutanen ƙauyukan gindin dutse, Afizere a ɓangaren Shere, Birom a ɓangaren Riyom, sun san idon ruwan da ke ƙafewa da rani da wanda ba ya ƙafewa, da wanda suke sha da wanda suka bar wa dabbobi. Ɗan jagora daga cikinsu ya fi taswirar waya. Ledar da aka shanye kuma a mayar da ita jaka, shanun masu wurin ne ke haɗiye ta.

Mutum biyu ke buƙatar magana ta daban. Na farko mai sikila. Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan ciwo, kuma abubuwan da ke tayar da shi, ƙarancin ruwa da sanyi da wahala da ƙarancin iska, duk sun haɗu a kan Shere da safiyar hunturu. Ko mai AS, wanda kusan ɗaya ne cikin kowane mutum huɗu a ƙasar nan kuma yawanci lafiyarsa ƙalau, an sha samun wanda saifarsa ta kama ciwo bayan ya yi aikin wahala a wuri mai tsayi. Ciwo mai tsanani a hagun ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, ba abin daurewa ba ne. Na biyu mai azumi. A shekarun nan Ramadan yana faɗowa ne a ƙarshen hunturu, iska a bushe. Hantar da ta wuni ba abinci, jikin da ba za a mayar masa da ko kurɓi ba sai magariba, ba su ne abokan hawan mita 500 ba. Dutsen yana nan har bayan Sallah.

In kuwa abin ya riga ya faru, wani ya zauna ya kasa tashi, tambaya ake fara yi kafin a miƙa komai. Me ya ci yau? Leda nawa ya sha? Yaushe ya yi fitsari na ƙarshe? Wanda bai ci ba, a ba shi zaƙi. Wanda bai sha ba, bakinsa a bushe, jiri na ɗibarsa in ya miƙe, a kai shi inuwa a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. Wanda ya sha da yawa, cikinsa na ƙugi da ruwa, zobe ko agogo ya matse shi, a tsayar da ruwan a ba shi abu mai gishiri in yana iya ci. Amma da zarar magana ta fara rikicewa, ko amai ya ƙi tsayawa, ko tafiya ta zama tangaɗi, an wuce aikin abokai. In jikin ya yi zafi rau, a kwara masa ruwa a yi ta fifita, a kuma fara saukowa da shi nan take. Kada a ɗura komai a bakin wanda hankalinsa ya gushe. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos yana Lamingo, ɓangaren gari da ya fi kusa da Shere. Wanda zai raka shi ya riƙe amsar tambayoyin nan uku, da sunan duk ƙwayar da ya haɗiya, domin ƙarin ruwan da za a ɗaura wa mai ƙarancin ruwa daban yake da wanda za a ɗaura wa wanda gishirinsa ya tsinke.